Yadda Masana Suka Bi Sawun Zazzaɓin Lassa Har Ramin Ɓera

A farkon shekara ta 2018 hankalin hukumomin lafiya na ƙasar nan ya tashi ƙwarai da gaske. Zazzaɓin Lassa, wanda aka saba gani kowane rani yana kama mutane jefi-jefi, sai ga shi ya zo da wani irin ƙarfi da ba a taɓa gani ba. Kafin watan Fabrairu ya ƙare, waɗanda gwaji ya tabbatar sun kamu sun haye mutum 300, galibinsu a jihohin Edo da Ondo da Ebonyi. A Asibitin Koyarwa na Ƙwararru da ke Irrua cikin Jihar Edo, ɗakin da aka keɓe wa masu wannan ciwo ya cika maƙil. A Abakaliki kuwa, likitoci biyu da ma'aikacin jinya ɗaya suka rasa rayukansu tun cikin watan Janairu.

A Abuja, shugabannin Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Nijeriya, watau NCDC, wadda Dakta Chikwe Ihekweazu yake shugabanta a lokacin, suna fuskantar tambaya guda wadda ba a iya amsa ta da ƙidayar marasa lafiya kawai. Shin ƙwayar cutar ce ta sake hali, har ta koyi tsallakawa daga mutum zuwa mutum cikin sauƙi? Ko kuwa tsohuwar hanyarta ce dai take bi, watau daga ɓera zuwa mutum, sai dai abin ya yawaita?

Amsar kuwa ita ce za ta nuna inda za a zuba kuɗi da ma'aikata. In mutane ne suke sa wa juna, to, sai a shirya irin yaƙin da aka yi da Ebola: a bi sawun duk wanda ya taɓa marar lafiya, a killace dubban mutane, a sa ido a tashoshin mota da filayen jiragen sama, wataƙila har a rufe makarantu. In kuwa ɓeraye ne, to, filin daga shi ne rumbu da madafa da wurin shanya, tare da kiyaye ma'aikatan asibiti. Ƙasar da ba ta da yalwar likitoci ba za ta iya yin duka biyun yadda ya kamata ba, kuma in ta zaɓi wanda ba shi ba, an yi asarar dukiya da rayuka.

DALILIN FARGABA

Tsoron da aka ji yana da tushe. Wannan ciwo ya samo sunansa ne daga garin Lassa da ke kudancin Jihar Borno ta yanzu, inda a cikin watan Janairu na 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta asibitin mishan, Laura Wine, ta kwanta da wani zazzaɓi da ya ƙi jin magani. Aka kai ta Jos, can ta rasu. Ma'aikaciyar da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, aka kai ta Amurka ta warke, kuma a Jami'ar Yale ne masana suka ware ƙwayar cutar. A farkon 1970 ciwon ya sake ɓarkewa cikin wani asibiti a Jos, ya kashe fiye da mutum goma, har da Dakta Jeanette Troup, wadda ta yanke a hannu tana binciken gawa. Ashe tun ranar farko an san cewa ciwon yana iya bin jini da sauran ruwan jiki ya kama mai jinya.

Amma a 1972, a ƙasar Saliyo, masu bincike suka kama ƙananan dabbobi a inda annobar ta ɓarke, suka gano ainihin ma'ajiyar cutar. Wani ɓera ne mai yawan nonuwa, wanda masana suke kira Mastomys natalensis. Yana zama a gonaki da cikin gidaje, yana da yawan haihuwa, kuma cutar ba ta kashe shi. Yana zubar da ita cikin fitsari da kashinsa, a kan hatsi da garin rogo da kwanukan abinci da aka bari a buɗe. Daga cikin waɗanda suka kamu, kimanin kashi 80 cikin ɗari ba sa jin jiki sosai, wasu ma ba su san sun kamu ba. Sauran kuwa ciwon yakan kai su ga zubar jini da lalacewar ƙoda, kuma da yawa daga waɗanda suka tashi sukan sami matsalar ji.

To, tun da hanyoyin biyu ne, yaya za a san wadda ta fi yin ɓarna a 2018? Tambayar marar lafiya ba za ta wadatar ba. Ciwon yakan ɗauki har kwana 21 kafin ya bayyana, kuma ba wanda zai iya tuna ranar da ɓera ya yi fitsari a kwanonsa. Sai aka koma ga ƙwayar cutar kanta, domin kuwa tana ɗauke da tarihin zuriyarta a rubuce cikin jikinta.

RUBUTUN DA KE CIKIN ƘWAYAR CUTA

Kowane abu mai hayayyafa yana da kundin halitta, watau umurnin da ake bi wajen gina shi. An rubuta wannan kundi da wasu sinadarai iri huɗu da suke jere a kan wani siririn zare, waɗanda masana suka ba su laƙabin haruffa: A da C da G da T, ko kuwa U a madadin T ga irin ƙwayoyin da ake magana a kansu a nan. Kundin ɗan Adam yana da haruffa wajen miliyan dubu uku. Na ƙananan ƙwayoyin cuta da ake kira bairos kuwa gajere ne ƙwarai. Na Lassa haruffa ne kimanin 10,600 a kan zare biyu, na Ebola kimanin 19,000, na korona kusan 30,000, na shan-inna kuwa wajen 7,500.

Bairos ba ya iya hayayyafa shi kaɗai. Sai ya shiga jikin mutum ko dabba, ya sa a yi ta kwafar kundinsa sau dubbai. Wajen kwafar nan ne akan yi kuskure nan da can, harafi ɗaya ya canza. Galibin irin wannan kuskure ba ya ƙara wa cutar kome, ba ya rage mata kome, amma duk 'ya'ya da jikokin wannan ƙwaya za su gaje shi.

Mai karatu zai fi gane wannan in ya tuna da yadda ake rubuta littattafai da hannu a zamanin da. A ce wani malami a Kano ya wallafa littafi, almajiransa biyu suka kwafa, ɗaya ya tafi Zariya, ɗaya ya tafi Katsina. Na Zariya ya tsallake kalma guda a shafi na uku, na Katsina kuwa ya sauya wata a shafi na goma. Duk wanda ya kwafa daga littafin Zariya zai ɗauki wancan tsallake, ya kuma ƙara nasa kuskuren. Bayan shekara ɗari, in masani ya tara kwafi hamsin ya jera, zai iya cewa waɗannan daga reshen Zariya suke, waɗancan daga na Katsina. Har ma zai iya kintatar daɗewar rabuwarsu, gama littattafai biyu da suka saɓa a wuri ɗaya tak ba su daɗe da rabuwa ba, waɗanda suka saɓa a wuri ɗari kuwa sun yi nisa da juna.

Haka ake yi da bairos. Ana karanta kundin ƙwayar da aka samu a jinin marasa lafiya daban-daban, kwamfuta ta jera su ta kwatanta, sa'an nan ta zana bishiyar nasabarsu. Tun da yake kurakuran suna taruwa ne da wani gwargwado sananne, ga misali kimanin haruffa biyu kowane wata ga korona, to, bambancin da ke tsakanin ƙwayoyi biyu ya zama kamar agogo mai nuna lokacin da suka rabu.

Wani Bature ɗan Ingila, Frederick Sanger, shi da abokan aikinsa a Kambirij suka fara karanta cikakken kundin wani ƙaramin bairos mai haruffa dubu biyar da 'yan kai a 1977. A wancan zamani aikin shekaru ne. Yau akwai na'urori masu karanta miliyoyin haruffa a yini guda. Akwai ma wata ƙarama mai suna MinION, wadda ba ta kai tafin hannu faɗi ba, ana haɗa ta da kwamfutar tafi-da-gidanka. Zaren halittar yana bi ta wata 'yar mitsitsiyar kafa da lantarki yake ratsawa, kowane harafi yana sauya ƙarfin lantarkin ta hanyarsa, na'urar kuwa tana rubutawa. An yi aiki da ita a ƙasar Gini a 2015 lokacin annobar Ebola.

DARASIN EBOLA

Nijeriya ta riga ta ga kamannin bishiyar cutar da mutane suke sa wa juna. Ran 20 ga Yuli, 2014, Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya yana ɗauke da Ebola. Dakta Stella Ameyo Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ita ma daga baya ta kamu ta rasu. Ma'aikatan lafiya suka bi sawun mutum 894, suka kai ziyara gida-gida wajen sau 18,500. Duk da haka wani da ya kamu ya sulale zuwa Fatakwal, cutar ta kama wasu a can. Gaba ɗaya mutum 20 suka kamu, takwas suka rasu, kuma ran 20 ga Oktoba na wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Nijeriya ta rabu da Ebola.

Daga baya masana a ƙarƙashin Farfesa Christian Happi na Jami'ar Redeemer's, wadda take garin Ede a Jihar Osun, suka karanta kundin ƙwayar daga jinin mutum 12 cikin 20 ɗin nan. Suka tarar duka 'yan gida ɗaya ne, bambancinsu 'yan haruffa ƙalilan, kuma dukansu suna komawa ga tushe guda. Watau sau ɗaya tak cutar ta shigo ƙasar, ta Fatakwal kuwa 'yar ta Legas ce. Binciken ya gaskata abin da masu bin sawu suka rubuta a takardunsu. Wannan ita ce alamar cutar da take bin mutane: bishiya mai gajerun rassa, dukansu sun tsiro daga kututture ɗaya cikin 'yan makonni.

ABIN DA AKA GANI A IRRUA DA EDE

Da annobar Lassa ta 2018 ta tsananta, ƙungiyoyin masana biyu suka duƙufa. Ta farko a Irrua take, inda ma'aikatan asibitin suka haɗa kai da masana daga Cibiyar Bernhard Nocht ta birnin Hambog a Jamus da kuma na hukumar lafiya ta Ingila. Sun zo ne da niyyar gwada ƙaramar na'urar nan kawai, sai annoba ta riske su, suka mai da gwajin ya zama aiki na gaske. Cikin mako bakwai suka bincika jinin mutum 120. Ƙungiya ta biyu ita ce ta Farfesa Happi a Ede, tare da Farfesa Pardis Sabeti ta Cibiyar Broad a Amurka. Su kuma suka karanta kundin ƙwayar daga marasa lafiya 220, wasu na 2018, wasu na shekarun 2015 zuwa 2017, domin a sami abin kwatantawa.

Aikin yana da matakai. Da farko akan zuba wa jinin wani magani mai kashe ƙwayar domin kada ta kama mai aiki. Sa'an nan a tsamo zaren halittar, a shirya shi, a sa a na'ura. Daga nan kwamfuta ta ware abin da yake na Lassa daga abin da yake na jikin marar lafiyar, ta harhaɗa guntayen su zama cikakken kundi.

Sakamakon ƙungiyoyin biyu ya zo daidai da juna. Bishiyar Lassa ta 2018 ba ta yi kama da ta Ebola ba ko kaɗan. Mutum biyu da suka kwanta a ɗaki ɗaya cikin mako ɗaya, sai a tarar ƙwayoyinsu sun saɓa da haruffa masu yawa, irin saɓanin da ba ya taruwa sai cikin shekaru. Ba yadda za a yi ɗaya ya sa wa ɗaya. Kakannin ƙwayoyin sun rabu ne tun da daɗewa a jikin ɓeraye, kowane marar lafiya kuwa ya ɗebo tasa daga ɓeran gidansu ko na gonarsu. Bugu da ƙari, ƙwayoyin 2018 sun gauraya da na shekarun baya a kan rassa ɗaya, ba wani sabon reshe da ya fito ya mamaye sauran. An dai sami 'yan wurare kaɗan inda ƙwayoyin mutum biyu ko uku suka zo kusan iri ɗaya, alamar cewa a nan wani ya ɗauka daga wani.

Masanan ba su jira mujallun kimiyya ba. Tun cikin watan Maris, annoba tana ci, suka miƙa wa NCDC abin da suka gani, suka kuma baza shi a intanet domin sauran masana na duniya su duba. Hankali ya kwanta game da batun sabuwar cuta, aka mai da ƙarfi ga wayar da kan jama'a game da ɓeraye da adana abinci, da gaggauta gwaji, da ba ma'aikatan asibiti kayan kare kai. Ran 10 ga Mayu gwamnati ta ce an fita daga halin gaggawa. A ƙarshen shekarar, lissafin NCDC ya nuna mutum 633 aka tabbatar sun kamu a jihohi 23, daga cikinsu 171 suka rasu.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa wannan ya wanke asibitoci daga haɗari. A watan Janairu na 2020 likitoci biyu suka rasu a Kano bayan sun yi hulɗa da wata marar lafiya da ba a san tana ɗauke da Lassa ba. Abin da binciken ya nuna shi ne cewa irin wannan yaɗuwa gajeriya ce, takan tsaya bayan mutum kaɗan, babbar ƙofa kuwa ita ce ta ɓera.

KWARA DA BINUWAI

Wani abin sha'awa ya fito daga bishiyar nan wanda ba shi aka tafi nema ba. Da aka ɗora rassan a kan taswirar Nijeriya, sai aka ga sun rabu daidai da yadda manyan koguna suka raba ƙasar. Ƙwayoyin Edo da Ondo, yamma da Kogin Kwara, dangi ɗaya ne. Na Ebonyi da maƙwabtanta, gabas da Kwara kuma kudu da Binuwai, wani dangi ne dabam. Na arewa da kogunan biyu, kamar Nasarawa da Filato da Bauchi, su ma reshensu dabam. Mutum yana haye gadar Anaca ko ta Makurɗi kullum, amma ɓeran gona ba ya iya ƙetare babban kogi. Da mutane ne suke yawo da cutar, da tuni dangogin sun cakuɗe. Wannan ma wata shaida ce a kan ɓera.

Kamar yadda a da ake duban askar fuskar mutum a san garinsu, haka yanzu ake duban kundin ƙwayar a san yankin da aka ɗauko ta. In ɗan kasuwa ya kwanta a Kano aka ga ƙwayarsa ta dangin Edo ce, an san a tafiya ya gamu da ita. In kuwa ta dangin arewa ce, to, sai a duba gida.

Wani bincike da aka buga a 2015 ya yi amfani da agogon nan na kurakurai, ya kintata cewa Lassa ta fi shekara dubu a yankin da ake kira Nijeriya yau, kuma daga nan ta bazu yamma zuwa Gini da Laberiya da Saliyo cikin 'yan ƙarnonin baya. Ashe ba a 1969 ta zo ba, a shekarar ne dai aka raɗa mata suna. Saboda wannan daɗewa, dangoginta sun yi nisa da juna, har akan sami saɓanin harafi ɗaya cikin kowane huɗu tsakanin wasu. Wannan yana da muhimmanci ga masu ƙera kayan gwaji, domin gwajin da aka tsara bisa ƙwayar Saliyo yana iya kasa ganin ta Bauchi. Haka kuma ga masu neman allurar rigakafi, wadda aka fara gwajin wani nau'inta a kan mutane a Abuja a 2024.

SHAN-INNA A BORNO

Wannan ilimi yana kuma tona abin da ya ɓuya. Bayan yaron da shan-inna ta kama a Sumaila ta Jihar Kano a watan Yuli na 2014, an yi shekara biyu cur ba a sake ganin ainihin ƙwayar cutar ta daji a Nijeriya ba. A watan Satumba na 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sunan ƙasar daga jerin waɗanda cutar ta yi wa katutu. Ana shirin murna, sai a watan Agusta na 2016 aka sami yara biyu da ƙafafunsu suka shanye, ɗaya a Jere, ɗaya a Gwoza, cikin Jihar Borno.

Nan ma tambaya ta taso: daga ina? A lokacin Pakistan da Afganistan ne kawai aka san suna da wannan ƙwaya, saboda haka ana iya zaton wani matafiyi ne ya kawo ta. Aka karanta haruffa wajen 900 na ɓangaren kundin da yake gina rigar ƙwayar, wanda aka san yana canzawa da kimanin harafi ɗaya cikin ɗari kowace shekara. Sai aka tarar danginta mafi kusa ita ce wadda aka gani a Borno a 2011. Watau shekara biyar ke nan tana yawo daga yaro zuwa yaro a yankunan da rikicin Boko Haram ya hana masu rigakafi da masu sa ido shiga. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne, cikin yara 200 da suka kamu, ɗaya ne kawai yakan shanye, sauran suna ɗauke da ita ba alama.

Wannan sani ya sauya tsarin aikin. Aka yi gangamin rigakafi a duk ƙasashen yankin Tafkin Cadi, watau Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, har da Afirka ta Tsakiya, aka kuma nemi hanyoyin kai ɗigon ga yaran da suke bayan fagen fama. Yara huɗu aka samu a wannan shekara, na ƙarshe a Monguno. Ran 25 ga Agusta, 2020, aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. Har yau ana ɗibar ruwan magudanai a manyan garuruwa, aikin da aka fara a Kano a 2011, ana karanta duk ƙwayar da aka samu a ciki.

IYAKAR WANNAN ILIMI

Labarin Borno ya nuna inda raunin yake. Na'ura ba ta karanta abin da ba a kawo mata ba. Shekara biyar ƙwayar tana nan, kayan aiki suna nan, amma ba samfurin da ya iso ɗakin bincike. Haka abin yake ga Lassa. Galibin jinin da aka karanta a 2018 daga Edo da Ondo ya fito, domin nan ne kusa da Irrua. Manomin da ya kwanta a wani ƙauye na Taraba, aka yi ta ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro har ya cika, ba ya cikin lissafi, ƙwayarsa kuma ba ta cikin bishiya.

Har ila yau, kundin ya faɗi hanyar da cutar ta bi, amma bai faɗi dalilin yawaitarta a wannan shekara ba. Masanan sun kawo abubuwan da suke zato: ƙaruwar ɓeraye saboda yanayin damina, ko ƙaruwar cuɗanyarsu da mutane, ko kuwa gwaji ne ya inganta har aka fara ganin waɗanda a da suke mutuwa ba a sani ba. Warware wannan sai an haɗa da masu nazarin dabbobi da masu lura da yanayi.

Akwai kuma batun sakayya. Da korona ta shigo Nijeriya ran 27 ga Fabrairu, 2020, a jikin wani ɗan Italiya, masanan Ede tare da na Legas da na NCDC suka karanta kundinta cikin 'yan kwanaki, kuma shi ne na farko da ya fito daga Afirka. A watan Nuwamba na 2021 masanan Botswana da na Afirka ta Kudu suka gano nau'in Omikron, suka sanar da duniya nan take. Tukwicin da suka samu shi ne rufe wa ƙasashensu ƙofofin tafiya. Ingila ta sa Nijeriya ma cikin jerin ran 6 ga Disamba, ta janye ran 15 ga watan bayan ta ga nau'in ya riga ya bazu a cikin gidanta. In faɗin gaskiya zai riƙa jawo hukunci, wata rana wata ƙasa za ta gani ta yi shiru, duniya duka kuwa ta sha wahalar shirun.

ABIN DA YA RAGE

Nijeriya ta nuna tana da masanan da za su iya wannan aiki a cikin gida, ba sai an aika da jini Turai an jira watanni ba. Amma kaso mai yawa na kuɗin da ake gudanar da ɗakunan binciken daga ƙasashen waje da ƙungiyoyin agaji yake zuwa, magungunan da na'urorin suke sha kuwa sai an yi odarsu da kuɗin waje. Ya kamata Gwamnatin Tarayya da ta jihohi su ɗauki nauyin abubuwan da ba a yi musu bikin buɗewa: wutar lantarki mai ɗorewa, akwatin sanyi, motar da za ta ɗauki samfur daga ƙaramin asibitin ƙauye ta kai shi ɗakin gwaji kafin ya lalace, da albashin da zai hana matasan da aka horar ƙaura zuwa ƙasashen waje.

Sauran aikin kuwa na jama'a ne, gama Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Lokacin Lassa shi ne rani, daga Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da aka kai amfanin gona gida, aka ƙone daji, ɓeraye suka biyo hatsi cikin gari. A rufe abinci a mazubi mai murfi, a daina shanya a bakin hanya a ƙasa, a toshe ramuka, a kai shara nesa da gida, a kuma bar cin naman ɓera. Wanda zazzaɓinsa ya ƙi jin maganin cizon sauro bayan kwana biyu ko uku, a gaggauta kai shi asibiti a nemi gwaji, domin maganin da ake bayarwa ya fi amfani in an fara da wuri. Ɗan jinin da za a ɗiba a hannunsa zai taimaki likita ya cece shi, kuma shi ne zai nuna wa hukuma inda cutar ta dosa kafin ta isa gidan maƙwabci.